Tun Masu Labarin Suna Nan

Uwata, saƙonki ya iso ni. Sunan mahaifiyata kika ci, saboda haka ko a takarda ba na iya kama sunanki. Kin ce ke da ƙawayenki da wasu samarin unguwa kuna so ku riƙa bin tsofaffi gida-gida, kuna ɗaukar labarin yadda aka yi kowa ya zo garin nan. Kin ce kuma kina tsoron kada a ce ba ku da aikin yi. To, za a ce. Kwana biyu ne a daina. Gyara zama in faɗa miki ɗan abin da na sani, don na riga ki taɓa wannan aiki, na kuma riga ki yin kuskure a cikinsa.

Ki fara daga gida. Kin taɓa tambaya me ya sa ake ce mana gidan 'yan Gwanja, ga mu kuwa a Jibiya? Goro ne ya kai kakanki Kumasi tun yana saurayi. Can ya yi aure. Can aka haife ni, a zango, inda za ki ji Hausa a bakin Bamoshe da Bazabarme da Bawangare kamar a Kurmi ta Kano kike. Ina da shekara 11, a watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Busiya ta yi shela cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Takarda kuwa, wa ke da ita? Mutum ya shekara 30 a gari, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, bai taɓa jin an tambaye shi wata takarda ba. Abin da ya sayu aka sayar a wulaƙance. Abin da bai sayu ba aka bar wa maƙwabta. Muka hau bayan babbar mota. Ni dai abin da ya zauna mini a rai shi ne keken ɗinkin mahaifiyata. Ta cire kansa ta naɗe a zani, ta rungume shi a cinya kamar jinjiri, har muka iso. Da shi ta ciyar da mu shekarar farko.

Duniya kuwa juyi-juyi ce. A 1983, zamanin Shagari, Najeriya ta kori baƙi ita ma, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka kama hanya da kayansu a cikin jakar nan mai zane-zane da har yau ake kira da sunan ƙasarsu. Ranar da na ga motocinsu a talabijin sai na kasa cin tuwo. Na san nauyin abin da kowace mace ta rungume.

In kika je ma'ajiyar takardun gwamnati, ko ta Kaduna ko ta Akara (mu Ankara muke cewa), za ki sami doka da ranar da aka sa mata hannu. Keken ɗinki kam ba ya ciki. Ba laifinsu ba ne. Gwamnati abin da ya shafi mulkinta take rubutawa, haraji da shari'a da naɗin sarauta. Shi kuwa matafiyi tsakanin ƙasa biyu yake faɗawa. Ƙasar da ya bari ta manta da shi. Ƙasar da ya je tana ce masa baƙo, ko da jikan jikansa a can aka haife shi. Labarinsa ba shi da uban ɗaki sai mu.

Mu kuma, kin sani, ƙafarmu ba ta zama wuri ɗaya. Akwai Sabo a Badun tun 1916. Akwai Sabon Zango da Nima a Akara, akwai unguwar Hausawa a Yawunde. Tun kafin zuwan Bature ayarin fatake ke tashi daga Kano zuwa Salaga, da madugu da jagaba, a kai kanwa da rini da fata, a komo da goro. A wannan hanya Alhaji Umaru ya bi. Haifaffen Kano ne, malami kuma mawaƙi. Ya zauna Salaga har yaƙin basasa ya watsa garin a 1892, ya koma Kete-Karachi, can ya rasu a 1934. Ya yi rubutu mai yawa da ajami kan rayuwar Hausawa, ya bai wa wani Bajamushe mai suna Mishlik, aka buga wani sashe a Balin. Shi kansa tsohon garin Kete-Karachi yanzu yana ƙarƙashin ruwa. Da aka datse kogin Bolta a Akosombo cikin shekarun 1960, tafki ya haɗiye shi, aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu. Kin ga, gari guda yana iya ɓacewa da masallatansa da maƙabartarsa. Abin da ya rage sai wanda aka rubuta, da wanda tsofaffi suka riƙe a ka.

Ta gabas ma haka. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, ya kafa gari a bakin Nilu kusa da Sinnar. Garin sunansa yake ɗauke da shi har yau. Bayansu ga alhazan ƙafa, masu bi ta Yerwa da Fallomi da Abeshe da Fashir, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri. Wani ya yi shekara bakwai kafin ya ga teku a Sawakin. Wani ya tsaya noman auduga a Jazira, ya ce sai baɗi, har baɗi ta zama jikoki. Tun watan Afrilu na 2023 yaƙi ke ci a Sudan, ya kuma kai har jihar Sinnar. Wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar akwatin takardu. Allah ya kawo musu sauƙi.

Mu na bakin iyaka namu ya bambanta kaɗan. Da yawanmu ba su je ko'ina ba, iyaka ce ta zo ta same su. Tsakanin 1906 da 1908 wani Bafaranshe, Tilho, da wani Baturen Ingila, O'Shee, suka bi daji daga Kwara har tafkin Chadi suna kafa alamu, guda 148. Tsofaffi tangaraho suke ce musu. Aka wayi gari gonar mutum tana Faransa, gidansa yana Ingila. Yaya tana aure a Ɗan Isa, ƙanwa tana Jibiya, ɗaya tana lissafi da sefa, ɗaya da naira, tuwonsu ɗaya. Duk sanda aka rufe iyakar nan mu ke fara ji a tukunya. An rufe a 1984, zamanin Buhari, ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. An rufe a 2019. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 2023. A rediyo za ki ji maganar shinkafa da man fetur da kwastan da duwan. Matar da ta bi ta cikin gero da dare don ta kai gaisuwar mutuwar uwarta, ita sai ku za ku ji nata.

Yanzu bari in faɗa miki nawa kuskuren. Wajen shekara 40 da suka wuce na zaunar da kakanki gaban rakoda. Kaset biyu na cika da muryarsa. Ya lissafa zangon da suke sauka ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi yadda ake jera goro a huhu a yayyafa ruwa kada ya bushe, ya faɗi sunan maigidan da ya sauke shi ranar da ya fara shiga Kumasi ba shi da ko anini. Na ji daɗi, na jefa kaset a cikin kwalla, ban rubuta komai a jikinsu ba. Wani yaron gidanmu, ba zan faɗi ko wane ne ba don yanzu ya yi furfura, ya ga kaset ba suna, ya naɗi waƙar Indiya a kan ɗaya. Ɗayan kuma zafi ya lanƙwame zarensa. Bayan shekara biyu kakanki ya rasu. Yaron na yafe masa tun a ranar. Ni ce ban sa suna ba. Da na sani ƙeya ce, Uwata. Har yau in na ji wannan waƙar a gidan biki sai in tashi in fita.

To, in za ku shiga gidan tsohuwa, ku shiga kamar jikoki. Ku yi sallama, ku durƙusa ku gaisa, ku ajiye ɗan goro ko sabulu. Ranar farko ko waya kada ku fito da ita. Kuma kada ki ce mata, Iya ba mu tarihinki. Za ta ce, ni me na sani, je ku wurin liman. Tambaye ta me ta ɗauko ranar da suka taso. Me suka ci a hanya. Wa ya tarbe su a tasha. In kin ga tsohuwar tasa ko zanen atamfa a ɗakinta, ɗauko ki ce, wannan fa daga ina? Sai ki ga baki ya buɗe. Ta fi sakin jiki in hannunta yana aiki, tana ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale. In ta yi shiru, ki bar ta. Ku yaran yanzu shiru yana ba ku tsoro, kuna hanzarin cike shi da wata tambayar. Sau da yawa abin da ke zuwa bayan shirun nan shi ne wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba za ta ba ki shekara da lamba ba, kada ki matsa. Za ta ce shekarar da aka kashe Sardauna, ko shekarar da aka canji kuɗi aka koma naira, ko zamanin Kunce. Ke kya koma gida ki sa 1966 da 1973 a gefe. Hausarta ma ki bar mata abarta. In Katsinanci take yi, ko Hausar Maraɗi, ko irin tamu ta zango wadda ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba, haka za ki rubuta. Kada ki mai da ita Hausar makaranta. Harshen nan shi ma shaida ne na hanyar da ta biyo.

Na matsa a kan mata don na ga yadda ake yi. In baƙo ya zo neman tarihi, zaure ake kai shi. Maza su faɗi sarakuna da yaƙe-yaƙe, ya rubuta ya tafi. Cikin gida kuwa ba wanda ya leƙa. Akwai wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, da ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, tsakanin 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta kaf, da aure da kishi da goyo da harin bayi. Littafin ya fito a 1954, har yau malaman jami'a na duniya suna karanta shi. Allah ya saka wa Baturiyar, da ba ta zauna ba da mun rasa. Sai dai da Hausa Baba ta yi magana, littafin kuma da Turanci ya fara fita, bayan ta rasu.  Ke kuwa ba kya bukatar tafinta, ba kya bukatar izinin shiga cikin gida. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sai maganar da ta fi duk sauran nauyi, wato amana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tsohuwa in ta saki jiki da ke za ta faɗi abin da ba ta yi niyya ba. Za ki ji asalin wani gida da ake ɓoyewa tun zamanin bauta. Za ki ji auren da aka kashe da dalilinsa. Za ki ji wanda ya yi arziki da fasa-ƙwauri, ga shi yanzu shi ke sahun gaba a masallaci. Wani labarin na kowa ne. Wani na dangi ne kawai. Wani kuma sai bayan ran mai shi, wani ma ko bayan ransa a'a. Kafin ki kunna waya, ki gaya mata a fili abin da za a yi da muryarta da wanda zai ji. In kun gama ki kunna mata ta saurara. In ta ce cire nan, ki cire a gabanta, ko da nan ɗin ne ya fi daɗi. Kin rasa labari ɗaya, amma gobe za ta aiko a kira ki, ta kuma gaya wa ƙawarta cewa yarinyar nan tana da riƙon amana.

Ki ƙara kula da 'yan gudun hijira na yanzu, waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukansu. Wasu suna nan cikin gari a kangaye, dubbai kuma sun tsallaka jihar Maraɗi. Labarinsu ya cancanci a adana, don wata rana za a so a ce ba a yi ba. Amma miki ɗanye ne. Kada ki sa fuskar mace ko sunan ƙauyenta a Facebook don a ce kuna aiki. Wanda ta gudu dominsa shi ma yana da waya. Ki ɗauka, ki sakaya suna, ki kulle. Magana zarar bunu ce. In kuma ta fara kuka, kashe wayar ki matso kusa da ita. Ranar ba ta aiki ba ce.

Za ku kuma ci karo da labari mai baki biyu. Je ki tambayi Bakatsine wane ne Ɗan Baskore, ya ce miki maharin da ya hana ƙasar Katsina barci. Tsallaka Maraɗi ki tambaya, a ce miki sarki ne jarumi mai neman gadon kakanninsa da aka kora daga Katsina lokacin jihadi. Dukansu abin da suka gada suke faɗa. Haka za ku tarar a unguwa, musamman a kan wa ya riga wa zuwa, da wa ya ba wa gona. Nan fa a yi hattara. Irin wannan magana tana tayar da rigimar fili da ta sarauta wadda ta yi shekara 50 tana barci. Ku ɗauki na wannan, ku ɗauki na wancan, ku ajiye su gefe da gefe da sunan wanda ya faɗa. Ba alƙalai aka naɗa ku ba.

Ajiya kuma, kin dai ji abin da ya same ni. Da kin kunna waya, ki fara faɗin ranar da garin da sunan mai magana da naki. Ki rufe layin kira kada wani ya katse ku. Abin da kika ɗauka kada ya kwana a waya ɗaya, don waya tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta a kasuwa. A sa a kwamfuta, a sa a memori, a kai wani kwafin wani gida, in da hali ma wani garin. WhatsApp hanya ce, ba rumbu ba ne. Ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, ku riƙa rubuta abin da ke cikin kowace murya, don jikanki ba zai saurari awa 200 yana neman inda aka ambaci Salaga ba. Tsofaffin hotuna a rubuta sunayen mutanen a baya da fensir, tun mai gane su tana gani. Wasiƙun ajami da katin haraji da tsohon fasfo da kaset ɗin da 'yan Makka kan aiko wa iyayensu a da, duk a ɗauki hotonsu ko a juye su, a mayar wa mai su. Kada a kai takarda a manne ta da leda mai zafi, ba ta ƙara fitowa. A nisanta ta da ƙasa saboda gara, a nisanta ta da inda ɗaki ke yoyo. Mutanen Tambutu sun nuna mana amfanin rarraba ajiya. Da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, iyalai suka yi ta fitar da littattafan kakanninsu a akwatunan ƙarfe, ta mota da ta jirgin ruwa, har Bamako. Waɗanda aka ƙona a farkon 2013 na cibiyar Ahmad Baba ne, inda aka tara su wuri ɗaya.

Kada abin ya zama naki ke kaɗai. Gobe za ki yi aure, wataƙila a kai ki Kano ko Damagaram. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku je wurin mai unguwa da liman tun farko, ku sa wata malama dattijuwa a cikinku, ku nemi ɗan kabad mai makulli a makarantar Islamiyya. Ku yarda tun yanzu wa ke riƙe makulli, wa ake bari ya saurara. In abin ya yi kyau baƙi za su zo, daga jami'a ko daga wata ƙungiya, wasu har da kuɗi. Ku karɓe su hannu bibbiyu, yawancinsu mutanen kirki ne. Sai dai a yi rubutu. Kwafi za su ɗauka, na asali ya kwana a gida, abin da suka wallafa kuma su aiko muku. Ba sabon abu ba ne. A shekarun 1960 Jami'ar Gana da ke Legon ta yi ta aron littattafan malaman zango tana kwafa tana mayar musu. In an kawo kuɗi, a ƙirga a gaban kowa. Na ga ƙungiyar da ta shekara goma lafiya ba ta da sisi, ta watse wata uku bayan an ba ta tallafi.

Wani lokaci kuma ku shimfiɗa tabarmi a filin makaranta bayan la'asar, ku kunna wa mutane abin da masu shi suka yarda a ji. Ki zuba ido ki ga fuskar yaron da ya ji kakarsa tana faɗin yadda ta ƙetare ƙasa uku da goyo a baya. Ku aika wa danginmu na Kumasi su ma. 'Ya'yan ƙanin kakanki suna can, har yau akan tambaye su daga ina suka zo, su kuma iyakar abin da suka sani shi ne Katsina. Sunan unguwa ma ba su riƙe ba.

Iya, amaryar kakanki, ita kaɗai ta rage cikin manyan da suka hau motar nan a 1969. Ta haura 80. Idonta ya yi rauni, amma kanta garau yake, musamman da hantsi bayan ta sha kunu. Kan keken ɗinkin yana ƙarƙashin gadonta, naɗe a buhu. Ran Juma'a ki yi cajin wayarki, ki sayi farin goro na ɗari biyar, ki biyo ta nan mu tafi tare. Ni zan yi sallama, ke ki jawo buhun.